Yadda Ake Buga Zane da Sassaƙaƙƙen Katako

Duk wanda ya taɓa ganin an danna hatimi a kan wasiƙa, ko ya tsaya wajen baduku yana buga ado a jikin fata da ƙarfensa, ya riga ya ga tushen wannan aiki. Ana sassaƙa zane a fuskar katako, a shafa tawada a kan wuraren da aka bari a tsaye, a ɗora takarda a murza, sai zanen ya tashi ya koma jikin takardar. Katako ɗaya zai ba ka hoto 20 ko 50, kuma kowanne aikin hannunka ne, domin kai ka zana, kai ka sassaƙa, kai ka murza.

Tsohon aiki ne. Littafin ɗab'i mafi tsufa da aka samu ɗauke da kwanan wata, a ƙasar Sin aka buga shi da katako a shekarar 868. A nan gida ma muna da gwanaye, kamar Bruce Onobrakpeya, wanda ya koyi zane a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, kuma da bugun zane ya yi suna a duniya. Ni a ƙauyenmu na ƙasar Gumel nake yin nawa, babu inji, babu wuta, kuma kusan duk kayan aikina daga wajen kafinta, maƙeri da kasuwar mako na haɗa su.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun kafin ka taɓa wuƙa: abin da ka cire shi zai fito fari, abin da ka bari shi zai fito baƙi, kuma dama za ta koma hagu. Duk kuskuren da na ga 'yan koyo suna yi, daga mantawa da wannan yake farawa.

Kayan aiki

Katako. Nemi busasshe sarai, mai faɗin tafin hannu biyu, wato kamar santimita 15 da 20, kaurinsa santimita 2. Ga ɗan koyo na fi son malaina, domin wuƙa tana tafiya a cikinta ba gardama. Maɗaci ma yana yi, kuma jijiyarsa takan fito a cikin baƙin tawada ta ƙara wa hoton kyau. Idan hannunka ya faɗa, ka koma aduwa, wadda masassaƙa ke yin allo da ita. Tana da tauri, amma tana riƙe siririn layi fiye da sauran. Ka sa a sassaƙa maka sabon allo, kada ka ɗauki wanda aka taɓa karatu da shi. Kirya za ta cinye maka kaifin wuƙa a banza, rimi kuma taushinsa ya yi yawa, murmushewa yake yi. In katako ya gagara, je wajen masu gyaran takalmi ka sayi faifan robar da suke yanka ƙasan takalmi da ita, mara zane. Tana yankuwa kamar sabulu, kuma da ita nake fara koya wa yara.

Wuƙaƙe. Uku sun isa: ƙaramar wuƙa mai tsini kamar askar wanzami, da mai baki kamar harafin V don jan layi, da mai baki kamar U don kwashe fili. Akan samu na kanti a shagunan kayan zane a birnin Kano. Idan ba ka samu ba, tsohuwar lema za ta fisshe ka. Ƙarafan da ke ɗaga rufinta kwarmi ne da su, sai ka yanko tsawon yatsa, ka wasa bakin, ka kafa shi a guntun ice. Maƙeri kuma zai ƙera maka mai faɗi idan ka zana masa siffar bakin a ƙasa. Haɗa da dutsen washi da guntuwar fata.

Tawada. Akwai ta mai, akwai ta ruwa. Ta mai ita ce wadda masu buga kalanda da katin biki ke amfani da ita, kuma in ka je da ƙaramin gwangwani sukan sayar maka da kaɗan. Ta ruwa kuwa da kanka za ka haɗa, zan yi bayaninta a mataki na 4.

Sauran: rola ta roba don shafa tawada, guntun gilashi mai kauri ko tayil ɗaya, cokalin ƙarfe, samfefa mai kaushi da mai laushi, fensir mai taushi, kwali, tsumma, kananzir, igiya da maƙalan shanya. Takarda iri biyu: ta banza don gwaji, da mai ɗan kauri mara sheƙi don aikin gaske. Takarda mai santsi da walƙiya ba ta shan tawada, kada ka ɓata kuɗinka a kanta.

In babu rola, sami guntun bututun roba na ruwa, ka sa masa tsohon tib na keke ya ɗame, ka zura ƙarfe a tsakiya. Ko ka dunƙule tsumma kamar curin fura, ka naɗe shi da fata mai laushi ka ɗaure, ka riƙa dangwala tawada da shi.

1. Gyaran katako

Goge fuskarsa da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, kana bin jijiyar icen. Naɗe samfefar a jikin wani guntun katako mai miƙaƙƙiyar fuska, domin in da yatsu ka goge za ka yi kwari ba ka sani ba, kuma duk inda aka sami kwari tawada ba za ta taɓa shi ba. Don ka gwada, kifa shi a kan gilashi ka danna kusurwoyinsa. Idan yana rawa, da sauran aiki.

Daga nan shafe fuskar da tawadar allo tsararo-tsararo, ko shuɗin wanki, ka bar ta ta bushe. Amfanin wannan shi ne duk inda wuƙa ta bi zai fito fari tas, kana ganin hotonka yana fitowa tun kana sassaƙa.

2. Zane da juya shi

A karon farko zaɓi abu mai manyan siffofi: rumbu a gindin kuka, tulu, dagi, zankon soro, ko adon wuyan babbar riga. Mutane da yawa a wajenmu ba sa son zanen abu mai rai, kuma gaskiya zayyanar da muka gada a gini da ɗinki da ƙwarya ta ishi mutum aikin shekaru. Ita ce ma ta fi dacewa da katako, domin baƙi da fari take magana da su. Wanda ya ga hoton karkandar da Albrecht Dürer na Jamus ya yi a 1515 zai yi sha'awar irin waɗancan layuka masu kama da gashi, amma wannan sai hannu ya nuna. Yanzu kada layinka ya gaza kaurin tsinken ashana.

Yi zanen a takarda mara kauri da fensir mai taushi, ka cike duk inda kake so ya fito baƙi, kada ka tsaya a jan layin gefe kawai. Sai ka kifa takardar a kan katakon, fuskar zanen tana kallon ƙasa, ka manne gefenta, ka goga bayanta da cokali. Fensirin zai sauka a jikin icen a juye, wanda shi ne abin da ake so: in ka buga, sai ya sake juyawa ya dawo daidai. Bi sawunsa da biro ya fito sosai.

Hattara da rubutu. Boko ne ko ajami, in ka rubuta shi kai tsaye a katako, a juye zai fito. Shawarata kuma, kada ka sassaƙa aya ko sunan Allah. Wannan aiki yana tara takardun gwaji da yawa, wasu iska ta kwashe, wasu yara su ɗauka, ba za ka iya kiyaye su duka ba.

3. Sassaƙa

Nan ne aikin yake, kuma nan ake jin rauni. Kafin komai, buga wani ɗan katako da ƙusa a kan bencinka ya zama tokari, ka jingina aikin a jikinsa. Hannun da ke riƙe katako ya kasance a bayan wuƙa kullum. Akwai tabo a gindin babban yatsana na hagu tun shekarar da na fara: wuƙa ta dakushe, na ƙara ƙarfi, ta zame. Dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka mutum. Duk bayan ɗan lokaci ka ja bakinta a kan fata, in ka ji ta fara tauna ice maimakon yanka shi, koma kan dutse.

Fara da wuƙa mai tsini, ka bi gefen zanen duka. Karkatar da ita ta yadda gindin layin da za ka bari zai fi samansa faɗi, kamar katangar ƙasa. Maginin da ya sirantar da gindin katanga ya san abin da damina za ta yi mata. Haka layin da aka rarake ƙarƙashinsa, bugu biyar ba zai kai ba zai ɓalle. Wannan yankan gefe yana da wani amfanin: in ka zo kwashe fili, ɓarin icen zai tsaya a kansa, ba zai tsage ya shiga cikin zanen ba.

Bayan nan ɗauki mai bakin V ka yi layukan ciki, kamar jinkar rumbu ko ɓawon kuka. Tura ta a kwance, kada ka nutsa bakinta. Zurfin milimita 2 ya wadatar kusa da layi. In za ka yi lanƙwasa, juya katakon, ka bar hannunka yana tafiya gaba. Za ka lura wuƙa tana gudu idan ta bi jijiyar ice, tana turjewa idan ta gicciye ta. Wajen giciye ɗauki kaɗan-kaɗan.

Daga ƙarshe kwashe manyan filaye da mai bakin U, kuma nan ka ɗan ƙara zurfi, musamman tsakiyar fili, domin takarda takan lotsa ta taɓo ƙasa. Sai dai kada ka share filin ya yi sumul. Ƙananan kunyoyin da wuƙa ke bari, in suka ɗan ɗebi tawada, su ne ke nuna cewa hannu ya bi wurin. Ni nakan tsara su da gangan: a sararin sama in ja su a kwance kamar iskar hunturu, a ƙasa in bi da su yadda kunyar gona take. Hoton da babu su yakan yi kama da na kwamfuta.

Ka tsaya tun kana ganin da saura. Abin da ka bari kana iya cirewa gobe, wanda ka cire kuwa ya tafi. Idan wani ɓangare ya ɓalle bisa kuskure, nemo shi nan take ka manna da gam ɗin kafinta, ka ɗora dutse, ka bar shi ya kwana.

4. Tawada

Ta mai: ɗebo kamar ƙwayar gyaɗa biyu da bakin wuƙa, ka shafa a saman gilashi. Taɓo kaɗan da rola ka riƙa mirginawa a tsakiya, kana ɗaga ta a ƙarshen kowace tafiya don ta juya, gaba da gicciye, har ta shimfiɗu. Kunnenka zai gaya maka. In tana ƙara kamar ana taka taɓo, kuma fuskarta ta yi ƙuraje kamar ɓawon lemo, ta yi yawa. In ta koma ɗan siririn sauti, fuskarta kamar karan-miski, ta yi. Idan ta yi tauri da sanyin safiya, ajiye gilashin a rana minti kaɗan ka murtsuke ta da wuƙa. Kada ka tsinka ta da man gyaɗa. Man gyaɗa ba ya bushewa, zai bi takarda ya yi wa kowane layi da'irar maiƙo.

Shafa wa katako a hankali, sau huɗu ko biyar, kowane karo kaɗan, ta fuskoki daban-daban. Ɗan koyo yakan lafta da yawa don yana son baƙi ƙirin, sai tawadar ta cike siraran layukan da ya wuni yana sassaƙawa.

Ta ruwa: wannan hanyar mutanen Japan ce, su da launi da kunun shinkafa suke bugu, mu kuma muna da kayanta a gida. Sami zuge irin na tawadar allo, ko kunkunniyar fitila, ka niƙa ta yi laushi kamar kwalli, ka kwaɓa da ruwan ƙaro mai kauri. Ƙaron dakwara ya fi, kuma ba wuyar samu yake ba a ƙasarmu. A gefe guda dama cokali ɗaya na garin shinkafa a cokali takwas na ruwa, ka dafa a wuta kaɗan kana juyawa har ya yi yauƙi, ka tace. Jiƙa katakon da ɗanyen tsumma, ɗiga tawada wuri uku, kunun wuri biyu, ka baje su da sabon burushin takalmi, shafar ƙarshe a miƙe. Wannan tawada tana son takarda mai danshi: yayyafa wa takardun ruwa tun dare, ka jera su a leda ka danne. Da safe za ka ji su da sanyi amma ba ruwa a jikinsu. Baƙinta bai kai na mai ba, amma yana da taushin da nake so, kuma da ruwa kawai ake wanke ta. Illarta ita ce hunturu: kafin ka ɗora takarda ta bushe, don haka sai da sassafe, a ɗaki, ƙofa a rufe.

5. Gwaji

Ɗora takardar banza, shafa da tafin hannu ta kama, murza da bayan cokali, ɗaga. Bugu biyu ko uku na farko kullum sukan yi fari-fari domin ice yana shan nasa rabon, kada ka karaya. Manna na ukun a bango, ja da baya taku biyar ka duba. Inda baƙi ya cushe, ƙara sassaƙa. Inda datti ya fito a fili, rage tudun. Goge katakon kafin ka mayar da wuƙa.

6. Bugu na gaske

Yanka takardunka duka girma ɗaya, kowace ta fi katakon da yatsa uku a kowane gefe. Yi ma'auni da kwali: yanko shi kamar harafin L, kaurinsa daidai da na katakon, ka manna a benci. Katakon ya zauna a cikin kusurwar, a saman kwalin kuma ka ja layin da gefen takarda zai riƙa tsayawa. Da wannan kowane hoto zai zauna wuri ɗaya.

Wanke hannu. Riƙe takardar ta kusurwa biyu, saita gefenta da layin, sake ta ta kwanta sau ɗaya. In ta sauka a karkace, bar ta haka, domin jan ta zai ba ka inuwa biyu. Ɗora wata siririyar takarda a bayanta don kada cokali ya huda, sannan murza daga tsakiya zuwa gefe, zagaye ƙanana, babban yatsa a cikin kwarmin cokalin, ɗaya hannun yana danne da takardar. Manyan baƙaƙen wurare suna son ƙarfi, siraran layuka suna son lallashi. Kafin ka cire, danne rabi da tafin hannu ka ɗaga ɗaya rabin ka leƙa. In akwai inda bai kama ba, mayar ka ƙara murzawa, har ma kana iya ɗan ƙara tawada a wurin. Sai ka ɗaga daga kusurwa ɗaya a hankali.

Kowane bugu sai an sake shafa tawada. In ka ga farin ɗigo da zobe kewaye da shi, ƙura ce ko ɓarin ice ya hau rola, tsince shi da tsinin wuƙa. Saboda haka ba na sassaƙa da bugu a wuri ɗaya, kuma nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin in fara.

7. Idan kana son launi biyu

Hanya mafi sauƙin kaya ita ce ta katako ɗaya, wadda Picasso, shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifen, ya yi aiki da ita sosai a wajajen 1959, sai dai shi ba katako yake sassaƙawa ba, faifan linoliyam ne irin na shimfiɗar daɓe. Da farko cire wuraren da za su zauna fari kawai, ka buga duk takardunka da launi mai haske, misali ruwan ƙasa. Bari su bushe. Wanke katakon, ka sassaƙe duk inda kake so ruwan ƙasan ya tsira, sannan ka buga baƙi a kan waɗancan takardun, a cikin ma'aunin nan na kwali. Mai haske ne farko, mai duhu daga baya. Ka sani babu komawa, domin siffar katakon ta farko ta riga ta tafi. In hoto 10 kake so, fara da takarda 15, wasu dole su goce.

8. Shanya, lamba da sa hannu

Rataye hotunan a igiya cikin ɗaki, kada su taɓa juna. Tawada ta ruwa takan bushe a wuni ɗaya, sai ka danne su a ƙarƙashin littattafai su miƙe. Ta mai tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku da rani, da damina har mako. Taɓa gefen baƙin da bayan yatsa kafin ka tara su.

Zauna ka tace. Duk wanda ya goce, ko ya yi dabbare-dabbare, fitar da shi. Waɗanda suka rage su ne adadin bugunka. A ƙarƙashin hoton, da fensir, rubuta lamba a hagu, sunan hoton a tsakiya, sa hannunka da shekara a dama. Idan 12 suka tsira, na farko 1/12, na biyu 2/12, har ƙarshe. Wannan lamba alkawari ce tsakaninka da mai saye cewa guda 12 ne a duniya. Kada ka dawo bayan sun ƙare ka ƙara buga wasu ka sa musu lambar nan. Masu wannan aiki da yawa sukan ja wa katakon layi da wuƙa daga kusurwa zuwa kusurwa in sun gama, don kowa ya shaida an rufe.

9. Wanki da ajiya

Kankare ragowar tawadar gilashi da wuƙa, ka goge shi da rola da kananzir kaɗan, sannan sabulu. Nan man gyaɗa yana da amfani, yana narkar da tawada a hannu da gilashi. Fetur kuwa kada ya shigo ɗakin aikinka. Katakon goge shi da tsumma mai ɗan kananzir, kada ka tsoma shi a ruwa, zai bankare. Tsumman da suka sha mai ka baza su a waje su bushe, kada ka cusa su wuri ɗaya, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta. Rataye rola, domin in ta kwana a kan robarta za ta yi shafaffen gefe.

Naɗe katakon a takarda, ka rubuta sunan hoton a gefensa, ka tsayar da shi a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara. Duba shi sau ɗaya a wata, musamman da farkon damina.